Rigar Filo Ta Siliki Ba Maganin Kurajen Fuska Ba Ce

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wannan magana da ta cika Facebook da TikTok, wai in ka sayi rigar filo ta siliki shi kenan kurajen fuska sun tafi. Ni ma na hau wannan motar, ƙanwata ce kuraje suka feso mata a kumatun dama da goshi, daidai gefen da take kwanciya, na saya mata, aka yi wata guda babu abin da ya canza, sai ranar da na ɗaga filon na ga tsakiyarsa ya yi dabbare-dabbare da man kitso har yana ƙyalli, ashe tunda aka sa rigar ba ta ga ruwa ba.

Su kurajen nan asalinsu maiƙon fata ne da matacciyar fata ke toshe ƙofofin gashi, sai ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes wadda dama can tana fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, ga kuma sinadaran jiki na balaga da ke ƙara maiƙon. To mutum ya kifa fuska awa 7 ko 8 kan yadin da ya sha zufa da man gashi da hoda, me ake jira? Tun 1970 likitocin fata suka yi rubutu kan kurajen da man gashi ke haddasawa a goshi.

Ban ce yadi ba ruwansa ba. Auduga tana shan maiƙo da gumi ta riƙe, siliki bai cika sha ba kuma santsinsa na rage gugar fata, wannan gaskiya ne. Amma yawancin yadin nan mai santsi kamar siliki da ake kira "satin" da ake tallatawa foliyesta ne, roba ce kawai mai sheƙi, ga riƙe zafi, mai yawan zufa sai ya gwammace audugarsa.

Yanzu dai ƙanwar tawa rigunan filo 3 gare ta na auduga, tana canzawa duk kwana 3, tana ɗaure kai ta wanke fuska kafin ta kwanta, mun kuma bar sabulun wanki mai turare don yana sa ta ƙaiƙayi. Likita ya rubuta mata maganin shafawa na kuraje mai suna benzoyl peroxide, shi kuma yana cin kalar yadi, wata shuɗiya har ta koma fari-fari, shi ya sa muka koma farare. Sai wajen sati na 8 muka fara ganin sauƙi.

Taku mai karatu a kullum.