Tsangwama Ce Ke Katse wa Masu HIV Magani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu bayyana yadda ƙyamar masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV ke ɓata aikin magani.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Wanda ya riƙe shanta, galibi cikin wata 6 cutar takan lafa a jininsa. Muddin gwaji na nuna ƙwayoyin cutar ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ba zai sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa ba. Amma fa sai in ba a fashi.

To, a nan tsangwama ke yin ɓarna. Mai tsoron a ji ƙarar ƙwayoyi a aljihunsa yakan juye su cikin takarda, ya yar da robar da ke kare su daga danshi. Wata takan tsallake asibitin kusa ta tafi inda ba a san ta ba, ranar da kuɗin mota ya gagara magani ya yanke. Ana sha ana bari, cutar takan farfaɗo, har ta iya bijire wa maganin. Wanda kuma kunya ta hana shi gwaji ba ya zuwa sai ya kwanta, ƙwayoyin garkuwar jikinsa na CD4 sun faɗi ƙasa da 200, tarin fuka ya riga ya samu shiga.

Tun 1981, da aka fara ganin cutar a Amurka tsakanin maza masu neman maza, aka liƙa musu ita. Wannan ya cuci ɓangare biyu. Su suna ɓoye wa likita gaskiya, don haka ba a duba su yadda ya dace, ba a kuma ba su maganin rigakafi. Sauran jama'a kuwa sun saki jiki, alhali a Afirka kudu da Sahara mata ne suka fi yawa cikin masu ɗauke da ita. Ko mene ne ra'ayin ma'aikacin lafiya, ɗakin duba marar lafiya ba wurin yanke hukunci ba ne.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. A cire allon da ke tona asiri a ƙofar ɗakin karɓar magani, a daina yi wa katin mutum alama, a daina ninka safar hannu don shi kaɗai. Gaisawa da cin abinci tare da cizon sauro ba sa yaɗa cutar. Wanda kuma ya zo yana fargabar ya yi mu'amala mai haɗari, a fara masa maganin kariya cikin awa 72, ya sha na kwana 28, ba tare da an tsare shi da tambayoyin da za su kore shi ba.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya