Wasiƙa zuwa Marwa: takardar wata ɗaya

Faransa, 9 ga Mayu, 2022

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun yi sallah lafiya, ku da Inna da Goggo da yara gaba ɗaya. Yaya zafin Marwa, hadari ya fara haɗuwa kuwa? Ni lafiyata lau. Yatsun ƙafar da sanyi ya ci a hanyar gudowarmu daga Yukren zuwa Polan sun warke, farce ɗaya ne kawai ya fita.

Yaya ya ce kun ji a rediyo Turai ta buɗe wa duk wanda ya gudo daga Yukren ƙofa, har ana yi muku barka a masallaci. Rediyo bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa zancen ba ne.

Akwai wata doka da Tarayyar Turai ta yi tun 2001, bayan yaƙin Kosovo, aka ajiye ta ba a taɓa aiki da ita ba sai 4 ga Maris ɗin bana. Kariya ce ta wucin gadi. Ɗan Yukren da yake zaune a ƙasarsa kafin 24 ga Fabrairu, ranar da Rasha ta auka wa ƙasar da yaƙi, shi da iyalinsa, ana ba shi takardar zama ta wata shida a nan, a sabunta masa in ta ƙare, ya yi aiki, ya je asibiti, yaransa su shiga makaranta. Haka wanda Yukren ta riga ta karɓa a matsayin ɗan gudun hijira. Baƙo kuwa sai yana da izinin zama na dindindin a can, kuma ya nuna ba zai iya komawa ƙasarsa ya zauna lafiya ba. Mu ɗalibai izininmu na karatu ne, mai wa'adi. Nan gizo ke saƙar.

Ranar da na je ofishin baƙi, layi ɗaya muka bi da wata tsohuwa 'yar Kharkiv. Unguwarta ba nisa da ɗakin kwananmu, bam ɗin da ya kore ta shi ya kore ni. Har tuffa ta ba ni daga jakarta. Ta fito da wata shida, na fito da wata ɗaya. Wallahi ban ji haushinta ba, ita ba ta da wani gidan da za ta koma.

Matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni ko ana yaƙi a Kamaru. Sai Goggo ta faɗo mini a rai, yadda ta iso mana daga Kolofata da tabarma da tukunya ɗaya. Na ce ana yi, a wajen Mora da bakin iyaka. Ta ce gidanku fa? Na ce Marwa. Ba zan yi ƙarya don takarda ba, Baba, ba haka kuka koya mana ba.

Yanzu hanya biyu ce a gabana. Ko in samu jami'a a nan ta ɗauke ni, in nuna ina da yuro 615 duk wata, wato sama da sefa dubu 400, ko in bi wani abokina zuwa Holan, inda har yanzu suke karɓar ɗalibai irinmu. Neman mafaka ban sa shi a lissafi ba, don ba wanda ke farautata a gida. Abin da ke hana ni barci shekara huɗun nan ne da na yi ina karatun likita, sakamakona duka yana can jami'a.

Don Allah kada ku sayar da gonar masakwa saboda ni, ko kun sayar kuɗin ba zai daɗe ba a nan. Abin da nake so, Yaya ya ɗauki hoton takardar haihuwata da ta bakaloriya, wato ta gama sakandare, gaba da baya, ya turo ta WhatsApp kafin Juma'a. Suna cikin akwatin ƙarfen Inna, ƙarƙashin zannuwa. A gaya mata ina cin abinci, har kuɓewa na samu a shagon wani ɗan Mali.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku