Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024: Cututtukan da ke Tsallakawa Tsakanin Dabbobi da Mutane

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. A madadin shugaba da kwamitin zartarwa, ga bayanin abin da muka yi a bana, da wanda muka so yi bai samu ba.

Tun a zaman farko kwamiti ya yanke shawarar kada mu raba ƙarfinmu gida goma. Masana na cewa kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke, cikin sababbin da ke ɓullowa kuwa kusan uku cikin huɗu ne. Ƙungiya irin tamu ba ta iya tarar wannan duka. Saboda haka muka sa cutar haukan kare a gaba, sauran muka bi su gwargwadon hali.

Dalilinmu a fili yake. Ana ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Asiya da Afirka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Amma kusan duk wanda ya kamu, kare ne ya sa masa, kuma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan daina zagayawa a tsakaninsu. Ke nan aiki ne da ake iya ganin ƙarshensa.

Likitocin dabbobi na cikinmu su suka ɗauki nauyin zagayen rigakafin, Allah ya saka musu da alheri. Allurar kanta ba ta da wuya. Wahalar tana wajen riƙe maganin da sanyi cikin akwatin ƙanƙara har yamma, da kuma kama karen da mai shi ma bai saba taɓa shi ba. Duk karen da aka yi wa, mukan shafa masa fenti a ƙeya, washegari a zagaya a ƙirga masu fenti da marasa shi. Wannan ƙirga ta nuna mana wani giɓi: mutane na kawo manyan karnuka su bar 'yan kwikwiyo a gida, wai ba su isa ba. Alhali su ne yara ke wasa da su.

A makarantu mun tsaya kan abu guda: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti ranar, ba sai an ga yadda hali zai yi ba. Maimakon lacca, sai a sa yaro ya riƙe sabulu, wani ya riƙe agogo. Kafin minti biyu ya cika hannun ya gaji, yaron ya ɗago yana tambaya ko ya isa. Nan malamai kansu suka gane tsawon minti 15.

Mun yi gangami ranar 6 ga Yuli, ranar da a 1885 Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa ta haukan kare a kan wani yaro mai suna Joseph Meister, da kuma 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

Inda aiki ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne haɗa asibitin mutane da na dabbobi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaure rauni ta sallami mai shi, likitan dabbobi bai taɓa jin labarin karen ba, alhali ya kamata a killace shi a sa masa ido na kwana 10. Mun tsara 'yar takarda mai shafi ɗaya don sanar da juna. Gaskiyar magana, ta yi aiki ne kawai inda ma'aikatan biyu dama sun san juna. Tsarin nan na Lafiya Ɗaya, wato kula da lafiyar mutum da dabba da muhalli a haɗe, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na abinci, lafiyar dabbobi da muhalli ke kira a kai yana da daɗin faɗi a taro, amma a ƙasa sai an sami mai ɗaga waya ya kira.

Wasu abubuwan sun zo mana ba shiri. A watan Maris aka gano murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jikin shanun madara a Amurka, har wasu ma'aikatan gona suka kamu. Muka fitar da sanarwa ga masu kiwo: kada a taɓa mataccen tsuntsu da hannu tsirara, a kai rahoto, a kuma tafasa madara kafin sha. Tafasawar na kare mutum daga tarin fukan shanu da cutar bakkale ma, wadda ke sa dabba ɓari. Mai taimakon haihuwar dabba kuma ya sa safar hannu. Da aka ayyana ƙyandar biri a matsayin matsalar gaggawa ta duniya ranar 14 ga Agusta, mun taƙaita ne kan gyara jita-jita, tunda yanzu ta fi yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Horon da muka yi wa mahauta da ma'aikatan mayanka alkawari bai yiwu ba saboda ƙarancin kuɗi, an ɗage shi zuwa baɗi. Ma'aji zai kawo cikakken lissafi a babban taro, kuma waɗanda ke da bashin kuɗin shekara sun san kansu.

Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a daina rasa rai ta dalilin cizon mahaukacin kare. Zagayen baɗi zai fara da 'yan kwikwiyo, kuma muna neman ma'aikatan jinya da za su shiga kwamitin takardar sanarwa. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya