Wasiƙar godiya ga wani shagon kayan gyaran babur ɗin ƙanƙara a yammacin Kanada

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun rubuto ne don mu gode muku a bainar jama'a. Mun yi wasiƙar da Hausa saboda 'yan'uwanmu mazauna Alberta da Biritish Kolumbiya waɗanda suka fara hawan babur ɗin dusar ƙanƙara su san cewa har yanzu akwai shagon da ake faɗa wa mai saye gaskiya, ko da za ta rage cinikin ranar.

Duk mai irin wannan babur ya san inda ke masa ciwo. Lokacin hawa gajere ne, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma a nan ne wasu shagunan ke ganin banza ta faɗi. Ka je da ƙaramar tayar ƙarƙashi tana kuka, a ce sai dai ka sayi tayar ɗungurungum. Bel ya ƙone, a miƙo maka sabo ba tare da an tambayi yadda aka yi ya ƙone ba, bayan 'yan kwanaki ka dawo neman wani. In kuwa naka Yamaha ne, wasu ko kallon arziki ba za su yi maka ba, wai kamfanin ya sanar tun 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe da zai ƙera, sai ka ce kayan gyaransa sun ƙare a duniya.

Shi ya sa halin dattijuwar nan da ke zama a kantarku ya ba mu mamaki. In aka kawo mata tayar da ke kuka, sai ta juya ta kusa da kunne, ta duba robar bakinta. Matuƙar robar ba ta tsage ba, za ta ce boris ne kawai ya mutu. A cire zoben ƙarfen da ya riƙe shi, a fitar da tsohon, a karanta lambar da ke jikinsa (da yawansu 6205 ne), a nemi mai murfin roba ta fuska biyu don kada ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya wanke giris ɗin. Takan ƙara da gargaɗi cewa wajen sa sabon a danna zoben waje kaɗai, domin wanda ya bugi na ciki ya lalata boris ɗin tun bai fara aiki ba. Kuɗin wannan gyara bai kama ƙafar kuɗin sabuwar taya ba, alhali tayar tana nan jere a bayanta.

Maganar bel kuwa, ba ta sayarwa sai ta nemi ganin tsohon, don a jikinsa take karanta cutar. In wuri ɗaya ne ya sirance, to tirak ɗin, wato ɗamarar robar nan mai haƙora da ke tura babur, ya kwana daskare da ƙasa, aka taka wuta, kuloci ya yi ta juyawa a kan bel ɗin da bai motsa ba. Maganinsa a bar inji ya ɗumama, a ɗaga bayan babur a sake shi ƙasa don ƙanƙarar ta karye, a girgiza ƙafafun gaba su saki. In gefen bel ɗin ya yi santsi yana ƙyalli, zamewa yake yi yana ɗaukar zafi, galibi saboda dattin roba a fuskar kuloci, sai a goge fuskar da soso mai kaushi da abin gogewa marar maiƙo. In kuma zare ne ke fita ta gefe ɗaya, kuloci biyun da bel ke zagayawa ba su saitu da juna ba, ko kuma robar da inji ke zaune a kai ta yanke. Wanda bai gyara wannan ba, ko bel goma ya saya zai cinye su. Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe, a yi wajen kilomita 50 na farko ba tare da an ba shi wuta duka ba. Na ajiya ma haka za a yi masa tun a gida, kada sai an shiga daji a ɗora masa nauyi yana ɗanye.

A wajenku muka ji an rabe wa mai saye inda zai yi tsimi da inda tsimi ke jawo asara. Murfin roba na jiki, kujera, gilashin gaba, kan babur da ƙafafun gaba, duk na hannu sun wadatar in ba su tsage ba. Bel, boris, fulogi, takalmin birki, ƙarfen kabayid na ƙarƙashin ƙafafu da robar sulɓi, waɗannan sababbi ake saye. Bel ɗin Gates ko Dayco ko Ultimax na iya maye gurbin na kamfani in lambar ta dace daidai da samfurin, amma ba a sayensa da ƙiyasin ido. Inji na hannu kuma ba a biyan kuɗinsa sai an auna matsin kowace silinda, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 alama ce ta fistin ko ringi da suka gaji. Har lokacin saye kuka nuna: ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sa'ad da ake karya farashi don rage kaya, maimakon Nuwamba da kowa ke rububi.

Robar sulɓin nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ita ce ke tsakanin tirak da dogayen ƙarafan alminiyon da ke ƙarƙashin babur, kuma dusar ƙanƙara ce man da ke sanyaya ta. A kan hanyar hawa dutse da ta taurare babu dusar da ke tashi, sai robar ta yi zafi ta fara narkewa, inji ma ya ɗau zafi tunda dusar ce ke sanyaya ruwansa. Ƙarafan nan biyu masu kankare ƙanƙara da ake saukarwa a gefe su ne rigakafi, kuma ba su da tsada. Akwai layi a jikin robar. Da zarar ta ci ta kai shi a canza, don in ta huje, tirak zai fara cin alminiyon ɗin, gyaran kuma ya tashi daga na ƙaramin kuɗi ya koma na babba.

Odar kaya tana zuwa ranar da kuka ce, kuma kuna karɓar abin da bai dace ba in an mayar. Wannan ma mun gode.

Abin da ya fi duka a wurinmu shi ne tambayar da kuke yi wa duk wanda ya ce zai nufi duwatsun Revelstoke a Biritish Kolumbiya: kana da na'urar gano wanda dusar ƙanƙara ta binne, da sandar lalube, da shebur? Ka duba hasashen yau na Avalanche Canada, cibiyar da ke hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara? Ka yi kwas ɗin AST 1, matakin farko na horon kare kai daga zaftarewar? Abin takaici ne a ce shago zai sayar wa sabon shiga babur mai inji 850 cc, ya haɗa masa da riga da hular kwano masu tsada, amma ko sau ɗaya ba a ambata masa zaftarewar dusar ƙanƙara ba. Wasu ma har gobe suna tallata tsofaffin na'urorin gano wanda aka binne masu eriya ɗaya da sunan rahusa, alhali masu eriya uku ne ake koyarwa da su yanzu. Ku kun ƙi ajiye irinsu a kantarku, kuma kuna faɗa wa mai tambaya dalili.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wasu daga cikin masu hulɗa da shagonku