Babana, kan maganar gurbin da aka ba ka

Babana ya karatu, ya sanyin Ingila? Jiya da daddare mamanka ta karanto min saƙonka, wai lamba goman ku na zari-ruga, mai tsara muku wasa, gwiwarsa ta tafi har an yi masa aiki, tun daga nan wasa uku kuna shan kashi a jere, yanzu kuma koci ya ce kai za ka hau gurbin, gabanka sai faɗuwa yake. To zauna ka ji.

Ka san ni zari-ruga sai da ka shige ta na fara kallo, da ɗauka nake kokawa ce kawai ake yi da ƙwallo mai kamar ƙwai. Amma abin da na lura, in babban ɗan wasa ya faɗi, zuciyar sauran ce ke fara karyewa tun ƙafarsu ba ta gaji ba, kowa sai ya riƙa waige yana neman wanda ba ya fili.

Ka tuna Niyu Zilan a kofin duniya na 2011, a gidansu fa, shekara 24 rabonsu da kofin. Dan Carter, lamba gomansu da duk ƙasar ta ɗora wa rai, ya ji ciwo a matsematsi ana tsakiyar gasar, wajen atisaye ma ba a cikin wasa ba. Colin Slade ya hau, shi ma ya fita a karawarsu da Ajantina. Aka sa Aaron Cruden, ranar wasan ƙarshe da Faransa tun kafin hutun rabin lokaci gwiwa ta fitar da shi. Wa ya rage? Stephen Donald, mutumin da tun farko ba a ma saka shi cikin tawagar ba, yana can bakin kogin Waikato yana kamun kifinsa aka kira shi. Rigar da aka ba shi ma ta matse shi, ciki a waje, wallahi duk sanda na ga hoton sai na yi dariya. Haka ya ajiye ƙwallo ya buga fanaretinsa ta shiga, aka tashi Niyu Zilan ta ci 8 da 7. Bai ce sai ya zama Carter ba, iya nasa ya yi, sauran kuma suka daina waige.

Faransa kuwa a 2023 sun rasa lamba gomansu Ntamack tun kafin a fara kofin duniya, sai kyaftin ɗinsu Dupont ya karye a ƙashin kunci a wasan Namibiya, ƙasa gaba ɗaya ba ta da zance sai fuskar mutum ɗaya. Ya dawo, amma Afirka ta Kudu ta cire su 29 da 28. Ban ce raunin ne kaɗai ya ja musu ba, amma a ganina nauyin da suka jibga masa ya yi yawa.

Don haka ranar Asabar kar ka kwaikwayi salon yaron nan, ka buga yadda ka iya, ka ɗaga murya kana kiran wasa ko da cikinka na kaɗawa, fuskarka mutum 14 za su riƙa kallo. Ka je ka duba shi kuma, zaman jinya a ƙasar mutane ba daɗi.

Sai abu ɗaya da ba na wasa da shi: in an buge ka a kai ka ji jiri ko ido na maka hazo, ka faɗa wa likita nan take ka fito, ban yarda ka ɓoye don kar a ƙwace gurbi ba. Mamanka ta ce in gaya maka ita ba za ta kalla ba, kana fitowa daga fili ka kira ta ko ƙarfe nawa ne.

Babanka