Zuwa ga masu motocin da ke jira a garejinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu kawo mana aiki, muna gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Ni ba gwanin rubutu ba ne, na fi sabawa da sifana, amma makonni uku ke nan wayata ba ta huta ba, kuma amsa ɗaya nake ta maimaitawa har murya ta dishe. Na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta da idonsa, kada ya tsinta a bakin wani.

Motoci tara ne muka karɓa a rumfarmu don canza musu kayan shaƙar iskar inji: Honda shida masu injin K24, da BMW E36 uku. Na san mun yi alkawarin rana, ranar ta zo ta wuce. Na san mun karɓi kafin alƙalami. Ba na musun ko ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ta dawo mana daga kasuwar Ƙofar Ruwa, wai kayan sun iso tuni mun ɓoye muna jiran dala ta ƙara tashi, wasu ma sun ce mun juya kuɗin mutane a wata harka. Wallahi wannan magana ta yi mini ciwo. Shekara goma sha bakwai muna wurin nan, kafin nan kuma marigayi Baba ya yi nasa zamanin, ba a taɓa kai mu gaban mai unguwa kan kuɗin kowa ba.

Gaskiya ne kaya sun iso. Suna nan cikin kwalayensu a ofis. Sai dai ba abin da muka yi oda ba ne.

Mun aika wa dillalinmu na Sharja, a Daular Larabawa, takarda a rubuce, da hoto, da awo. Bakin totur, wato ƙofa mai faifai da iska ke bi ta shiga inji, wanda wasu makanikai ke kira bakin injekta, guda shida muka nema masu faɗin milimita 70. Huɗu masu jan waya, na Accord ɗin 2003 zuwa 2005 da ake kira EOD, biyu kuma na lantarki, domin daga 2006 Honda ta daina sa wayar totur a Accord mai wannan injin, ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe faifan. Da muka buɗe kwali sai muka tarar da shida duk masu jan waya, duk kuma milimita 80. Manifol ɗin BMW kuwa, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda, na injin M50 muka nema, sai ga na M52, wato ainihin abin da muke son cirewa daga motocin shi aka sake aiko mana, muka biya kuɗin jirgi da na kwastam a kansa. Da na kira mutumin sai ya ce ai 80 ta fi 70 tsada, alheri ya yi mana da ya bar ta a farashi ɗaya. Shekara takwas muna ciniki da shi, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Wani zai ce me ya hana mu duba kafin a ɗoro. Da can haka muke yi. Ni da kaina nake zuwa, in shiga rumfunan kayan gyara da ma'aunina a aljihu, in auna kowane baki kafin a naɗe. Tun da Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022 muka koma ciniki ta WhatsApp, hoto ya zama shi ne ido. An buɗe bizar a 2024, amma kafin nan lissafi ya riga ya canza. Kun san abin da ya faru da naira tun da aka sake ta a Yunin 2023, ba sai na faɗa wa wanda ya taɓa leƙa kasuwar canji ta Wapa ba. Farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Tikiti da masauki da biza, idan na ɗora su a kan kaya tara, ba wanda zai iya biya a cikinku. Ga fetur tun cire tallafi, kuma aikinmu ba ya yiwuwa sai an fita gwaji a hanya, a dawo, a sake fita. Ga janareta. Ban kawo waɗannan don neman tausayi ba, don dai a san yadda aka yi har muka dogara da hoto.

Yanzu ga inda muka saɓa da wasunku. Mutum uku sun ce mini tunda kayan sun zo, a ɗaura kawai, babba ai ba ya ɓaci. Ɗaya ma ya turo motar ja ta ɗauke tasa zuwa wani wuri, aka ɗaura masa ta milimita 90 cikin yini ɗaya. Ba ni da ja, motarsa ce. Amma ina so ku ji dalilin da ya sa mu muka ƙi, don kada a ɗauka taurin kai ne ko rashin iya aiki.

Inji famfon iska ne. K24 lita 2.4 ne, kuma sai ya juya sau biyu kowace silinda ke shaƙar iska sau ɗaya. Ko an kai shi juyi 6,500 a minti, abin da zai ja bai wuce lita 7,800 ba a mintin, sai in an sa masa turbo. Ƙofa ba ta ƙirƙirar iska. Idan ƙofar ta ishi abin da huhun ke nema, ƙara mata faɗi ba ya ƙara komai. Kuma mutane suna ruɗuwa da lambar, suna ganin daga 60 zuwa 80 ai ɗan ƙari ne. Ba haka lissafin da'ira yake ba. Bakin da motar ta zo da shi wajen milimita 60 ne. In ka koma 70, filin da iska ke bi ya ƙaru da kashi 36 cikin ɗari. In ka koma 80, kashi 78. Ta 90 kuwa ta ninka ta asalin sau biyu da kwata. Kun san injin da kamfani ya sa wa ta 90? LS3 na Chevrolet Corvette, silinda takwas, lita 6.2, doki 430. Hular wannan ƙaton ake so mu ɗora wa EOD.

Kuma ba a banza take tafiya ba, tana da illa. Faifan da ke cikin babban baki, da ka ɗan taɓa feda ya buɗe kaɗan, iskar da ta shiga ta riga ta yi yawa. Mota sai ta riƙa zabura. Kafin ƙafarka ta kai rabi injin ya samu duk abin da zai iya sha, sauran fedar ado ce. Ranar farko mai mota zai ji daɗi, zai ce ta ƙara kuzari, alhali ƙarfin da yake samu a ƙarshen feda ne aka dawo masa da shi farko, ko doki ɗaya bai ƙaru ba. Sai ya shiga cunkoson Kurna da yamma, ko ya zo juyawa a lungu, a nan zai gane. Silo ma, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, yakan ƙi zama, ta riƙa hawa tana sauka. Masu wasan mota da ke son riƙe bayan mota a kwana su ne suka fi kowa buƙatar feda mai jin magana, su ne kuma suka fi kowa neman babban baki. Abin yana ba ni mamaki.

Sannan bakin ba shi kaɗai yake aiki ba, a jikin manifol yake zama. Manifol ɗin RBC da muke sa wa K24, wanda asalinsa na Civic Si ne na 2006 zuwa 2011, sai mun kai an faɗaɗa ƙofarsa kafin ta dace da 70. Naman ƙarfen wurin ba zai ɗauki 80 ba. In ka ɗaura 80 a kan ƙofar da ba ta kai ta ba, iska za ta zo ta ci karo da dakali a ciki. Ka biya kuɗi ka sayi katanga.

Shi kansa manifol ɗin ba kowa muke ba shawarar ya canza ba, waɗanda suka daɗe da mu shaida ne. Bututu dogo siriri yana sa iska ta yi gudu tun injin yana ƙasa, ta cusa kanta cikin silinda kafin bawul ya rufe, shi ya sa mota ke da ƙarfin ja daga tashi. Gajere mai faɗi sai injin ya hau sama yake nuna kansa, a ƙasa kuwa kasala. Ba a samun duka biyun a bututu ɗaya, shi ya sa kamfanoni suka ƙirƙiro masu canza hanya da kansu, Toyota da ACIS ɗinta, BMW da DISA a injin M54. Dubi misalin E36 ɗin nan. Injin 325i, M50 mai lita 2.5, doki 192 yake bayarwa. Na 328i, M52 mai lita 2.8, doki 193. Ƙarin inji har haka, doki ɗaya tal, domin an ba shi manifol mai ƙananan bututu da ke ba da ƙarfi a tsakiya ya shaƙe a sama. In aka ɗaura masa na M50 yana buɗewa a sama sosai, amma akwai ɗan abin da zai rasa a tsakiya, kuma sai an gyara hanyoyin tiyo an sake saita ƙwaƙwalwa. Wanda motarsa ta zuwa ofis ce da kai yara makaranta, ce masa muke ya bar kaza cikin gashinta. Mun sha rasa ciniki a kan wannan shawarar.

Akwai gwajin da muke yi kafin mu karɓi kuɗin kowa, kuma kowannenku an yi wa motarsa. A kunna makulli ba a tayar da inji ba, a karanta nauyin iska a na'ura; a nan Kano yakan nuna wajen kPa 95 zuwa 96. Sai a fita hanya, a giya ta uku a take totur har ƙasa, injin ya hau, a sake karantawa. Idan bambancin bai wuce biyu ko uku ba, ƙofar ba ita ce ke shaƙe motar ba. Sau da yawa ma abin da muke samu matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe, ko salansa. Motocin nan shida sun nuna suna son ƙari saboda an riga an canza musu kamshaf da salansa. Ƙarin da suke so 70 ne. Da 80 suke so da 80 na rubuta.

To me muke yi? Muna kan magana da dillalin, ya ce zai duba. Mun kuma taɓa wasu hanyoyi, akwai wanda ke nema mana a Ladipo ta Legas, akwai wani ɗan'uwa a waje da muka yi wa magana. Mayar da kaya Sharja yana da nasa kuɗin, har yanzu ba mu daidaita kan wanda zai ɗauka ba. Ba na so in sake yanka rana in saɓa, kunyar farko ta ishe ni. In sha Allahu ba zai ɗauki dogon lokaci ba. Maganar ko farashi zai motsa, za mu zauna da kowa shi kaɗai idan lokacin ya yi. Wanda motar ta matse shi, ya faɗa mana mu mayar masa da kayansa na asali ya ci gaba da hawa kafin nan, ba za mu karɓi kuɗin hannu ba.

Ba zan rufe ba sai na yi godiya. Alhajinmu na Fagge, wanda tun Baba yana gyara masa Fijo 504 yake tare da gidan nan, yau ga motar jikansa a rumfarmu: da aka kai masa maganar ɓoye kaya, cewa ya yi a bar yaran nan, ya san gidan da suka fito. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Hajiya ta Zariya da ke aiko direba tun daga can alhali ga makanikai a ƙofar gidanta, mun gode, Allah ya bar zumunci. Yayana na Kantin Kwari da ya ba ni aron kuɗin na'urar gwaji ta farko ba tare da takarda ba, motarsa ce ta fi daɗewa a cikin taran nan kuma ko sau ɗaya bai kira ba. Shirun nasa ya fi kiran nauyi a wurina. Da samarinmu na Kaduna da Abuja da ke haɗa kuɗi su turo inji a bayan mota, ban manta da ku ba.

Ƙanina da ya ɗauke tasa, ba na riƙe da kai. Tun kana sakandare kake zuwa nan kana leƙen inji. Bakin totur ɗinka na asali yana nan na sa an ajiye a kabad da sunanka a jiki, duk ranar da ka buƙace shi ka zo ka ɗauka, ko ka aiko.

Gareji yana buɗe kullum daga takwas na safe zuwa magariba, ban da Juma'a da muke tashi da hantsi. Kwalayen suna ofis, ma'auni yana kan tebur, takardar odar da muka aika ma tana nan da kwanan watanta. Duk mai shakka ya zo ya auna da hannunsa.

Wassalam.

Naku,
Mai gareji, a madadin dukkan yaran aiki