Na Bar Goro Saboda Azumi, Amma Iyalina Ne Ke Shan Wuyar

Zuwa ga Fada mai amsa wasiƙun masu sauraro a daren Lahadi,

Salama a cikin sunan Yesu Kristi. Fada, ranka ya daɗe, ya aiki, ya zafin nan da ya fara shigowa? Na daɗe ina sauraron filin nan naka, galibi ƙafata na kan keke, rediyo na bakin taga. Ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, balle a ce a kan goro. Na san ana kawo maka kukan aure da na rashin lafiya, in ka ga tawa ba ta kai ta kawo ba ka yi haƙuri da ni, amma ni dai ta hana ni sukuni.

Ni tela ne a Funtuwa, shekarata 54, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Ɗan Katolika ne ni tun haihuwa. Goro kuwa a wurin maigidana na koya tun ina yaron shago, yau fiye da shekara 30 ke nan. Ba na shan giya, ba na shan taba, ba na caca. Abin da nake da shi a duniya shi ne farin goro, musamman daushe, wanda in ka ɓara za ka ji ya ce ƙas. A rana nakan ci biyar ko shida, in aiki ya yi yawa har takwas. Wanda ya san aikinmu ya san tela ba ya kwana da ido biyu a rufe in biki ya matso, kuma goro ne ke riƙe da idon.

Bana, 2026, Larabar Toka, ranar fara azuminmu na kwana arba'in, ta faɗo ranar 18 ga Fabrairu, a mako guda da kamawar azumin 'yan'uwanmu Musulmi. Da safe na je Mas, wato babbar sujadarmu a coci, aka shafa mini toka a goshi, aka tuna mini cewa turɓaya ne ni kuma ga turɓaya zan koma. A wa'azi Fadanmu ya ce abin da Ikilisiya ta ɗora mana kaɗan ne: azumin Larabar Toka da na Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ga wanda ya kai 18 bai shiga 60 ba, sai barin nama kowace Juma'a ga wanda ya kai 14. Ya ce sauran ya rage tsakanin mutum da Allahnsa, kowa ya dubi abin da ransa ya fi so ya ajiye, kuɗin kuma ya tara wa mabukata. Maganar nama sai da ta ba mu dariya a bencin baya, don yaushe rabon tukunyar wasunmu da nama ko da ranar Talata ce? Kifin da ake cewa a koma wa ma ai ya fi ƙarfin aljihu.

To, Fada, a nan zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba wa'azin ne ya sa na bar goro ba. Da na dawo shago da toka a goshi, maƙwabcina, shi ma tela ne kuma Musulmi, mun shekara 18 muna tsokanar juna, sai ya ce, "A'a, an fara azumin 'yan gata ke nan? Ana shan ruwa, ana cin tuwon rana, a ce wai kwana arba'in." Wasa yake yi, kamar yadda ya saba, ni ma nakan rama. Amma ranar sai abin ya sosa mini rai. Nan take na ce masa ya zama shaida, daga yau har Ista, bikin tashin Ubangiji, goro ba zai shiga bakina ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na kai kwana bakwai zai yi mini ɗinkin wando kyauta. Da yamma na maimaita a gida gaban uwargida da yara, ran Lahadi kuma na faɗa a taron zumuntar maza. Alhali a safiyar Larabar nan da kunnena na ji an karanta Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya ce mai azumi ya wanke fuskarsa ya shafa mai, kada mutane su gane. Ni kuwa saura kaɗan in ɗauki sanƙira.

Kwana biyun farko na yi ta taƙama. Ran na uku kaina ya fara sara kamar ana buga ƙusa a bayan ido. Hamma ba iyaka, hannu ba ƙarfi, in na zauna a keke sai in ga allura ta zama biyu. Ashe gaskiyar masu iya magana ne, sabo turken wawa. Kuma ka dubi lokacin: ɗinkin ƙaramar Sallah ya cika shago har rufi, shadda da yadi da leshi, bayansa ga na Ista yana jira, tun da ita 5 ga Afrilu za ta faɗo. Bukukuwan nan biyu sun haɗe mini a wuya.

A mako na biyu na yanka hannun kaftanin wani bawan Allah ya gaza da inci biyu. Shadda ce mai tsada, yadi biyar. Ni na yi awon, ni na ja alli, ni na sa almakashi. Amma da na ga ɓarnar sai na juya kan yaron shagona, na ce shi ya karanta mini awo ba daidai ba, na kai masa ranƙwashi a ka gaban mutane. Yaro ne ɗan shekara 15, yana azumi, tun asuba ko ruwa bai sha ba. Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da guga. Maƙwabcin nan nawa ya leƙo, na zaci zai yi mini dariya, sai ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Mu abin da aka koya mana, in mai azumi ya ji faɗa na zuwa sai ya ce ina azumi, ya wuce. Ku ba haka ba ne?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau kuma kullum da magariba sai an aiko mini da kunu da ƙosai daga gidansa.

A gida ma haka. Na yi faɗa kan gishiri a miya, na yi faɗa kan ƙarar rediyo, na yi faɗa don an bar buta a hanya. Autarmu mai shekara 7, wadda takan tare ni tun daga ƙofa ta karɓi jakata, yanzu da ta ji ƙarar mashin ɗina sai ta shige ɗakin uwarta.

Sai kuma dabarun da na ɓullo da su, waɗanda kunyar faɗarsu nake ji. Da farko na koma namijin goro, na ce ai suna ne kawai suka haɗa, itacensu daban. Ɗacin ya ɗebe kewar baki amma bai kori barci ba. Sai na koma teburin mai shayi, kofi uku a rana, mai kauri, da sukari cokali huɗu, ni da a da sai in yi mako ban sha ba. Daga nan katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocinmu, ya yi mana wani bayani a kan lissafin kwanakin: daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne, in an cire Lahadi shida sai a sami 40, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a lissafa ta a azumi. Shi don ilimi ya faɗa. Ni kuwa sai na ji kamar an ce mini albishirinka. Daren Asabar ɗin da ta biyo baya na zauna a tsakar gida da goro a tafin hannu ina duban agogon waya, ƙarfe 12 na cika na ɓara. Kafin rana ta faɗi ran Lahadi na ci tara. Litinin ciwon kai ya dawo sabo fil, kamar ranar farko.

Babbar 'yata tana karatun aikin jinya. Ta ce mini sinadarin da ke cikin goro, kafin, shi ne dai a cikin ganyen shayi da kofi, kuma wanda ya bari gaba ɗaya ciwon kan yakan lafa cikin mako guda ko ɗan fiye, amma ni kowace Lahadi sai in mai da hannun agogo baya. Ta ce, "Baba, kai ba barin goro ka yi ba, riga ka canza masa." 'Yar tela ce, ta san inda za ta soka allura.

Gwangwanin da na ajiye don tara wa mabukata kuwa, kada ma ka tambaya. Na yi niyyar jefa naira 700 kullum, kuɗin goron da na saba saye. Rabi ya tafi wurin mai shayi, sauran na kwashe na cika na biya shaddar da na ɓata. Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba sam. Wani dattijo ne ke kawo mana goro a faifai, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya kai shekara 70, ƙafa ɗaya yana ja. Ni ne babban mai sayensa a layinmu. Yanzu da rana masu azumi ba sa saye, ni ma na daina. Shekaranjiya ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Malam, ko na yi laifi ne?" Na yi masa bayani. Ya ce Allah ya karɓa, ya zaɓi fari guda mai kyau ya ajiye mini a kan keke, ya ce in ajiye sai ranar bikinmu, ya ƙi karɓar kuɗi. Wato na ce zan bar goro in taimaki talaka, sai ga shi talakan da na sani da ido shi na fara rage wa abinci, kuma shi ne ya yi mini kyauta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar uwargida. Mun shekara 27 tare, ba mai yawan magana ba ce. Daren Litinin, bayan na gama bambami kan ruwan wanka, sai ta ce, "Baban yara, don girman Allah ka ci goronka ka bar mu mu sha iska. Kai ka ɗauki azumi, mu ke jin yunwarsa." Da safe na tarar ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta ɗora a kan jakata, a Ishaya sura 58, wadda aka karanta a Mas ran Juma'ar farko ta azumin nan. Wurin da Allah ke tuhumar masu azumi suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa, suna kai naushi, ya ce azumin da ya zaɓa shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci. Na karanta sau uku, sai nake ganin kan yaron shagona a sunkuye. Sai daga baya kuma na ji a bakin ƙanena cewa ita tun farkon azumin nan take zuwa gaida facalarta, wadda suka shekara biyu ba sa ga-maciji. Ba ta faɗa wa kowa ba, har ni.

Na nemi shawara, amma kowa da tasa. Katikis ya ce alƙawari kaya ne, ya kawo mini Mai Hadishi sura 5, cewa gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa, ya ce in daure, wahalar ita ce gicciyena. Wani abokina na wata ɗarika ya ce su ba su ɗaure azumi da kalanda ba, Allah bai taɓa tambayata goro ba, in ci abina. 'Yata ta ce in bar shayin da cin Lahadi in sha wuyar mako guda in huta. Fadanmu kuwa na kasa tunkararsa, don tare muke zama a kwamitin coci, ina jin nauyin ya san abin da ya kai ni ga wannan alƙawari.

Shi ya sa na zo gare ka, Fada, tun da ba ka san fuskata ba. Alƙawarin da na yi don in rufe bakin maƙwabci, ba don Allah ba, yana kaina a gaban Allah? In na karya shi don gidana ya zauna lafiya, zunubi ne da zan kai wurin furta zunubi, ko kuwa ci gaba da shi a wannan hali ne zunubin? Ana iya musanya shi a tsakiyar hanya, in koma goro daidai misali, in ɗauki riƙe baki da hannu a madadinsa? Ina tsoron wannan ma wata dabarar ce irin ta namijin goro, don na lura duk fatawar da za ta mai da ni ga goro sai in ji ta fi shiga hankalina. Kuma in na koma, me zan ce wa zumuntar maza, me zan ce wa maƙwabcina, wanda ya riga ya auna ni ya ɗinka wandon da ya yi alƙawari?

Sannan yaron nan. Na san ya kamata in ba shi haƙuri, amma a gaban mutane na doke shi. Haƙurin a ɓoye ya wadatar, ko sai a inda aka yi abin? A tarbiyyar da muka taso maigida ba ya ba yaronsa haƙuri, sai dai ya ƙara masa kuɗin abinci ya yi shiru. Na ƙara masa, ya karɓa ya yi godiya, amma har yau bai sake kallona cikin ido ba.

Yau Alhamis, 12 ga Maris, kwana 22 da shafa toka. Sallah saura kamar mako guda, akwai kaftani 14 da ban ko yanka ba, Ista kuma saura kwana 24. Gobe da yamma akwai addu'ar Hanyar Gicciye a coci, zan je. In da hali ka amsa mini a filin Lahadin nan, kuma don Allah kada ka ambaci unguwarmu. Goron da dattijon nan ya ba ni yana cikin aljihun keke, na naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle don kada ya bushe. Tun da na fara rubutun nan na buɗe aljihun sau biyu na mayar.

Ɗanka cikin Kristi,
wani tela daga Funtuwa